Awa Nawa Cajin Mota Yake Ɗauka?

Direban da ya shiga gidan mai yakan cika tankinsa cikin minti biyar ya kama hanya. Mai mota mai amfani da wutar lantarki ba ya samun wannan sauƙi. Motarsa da batir take tafiya, kuma cika batir yana ɗaukar lokaci. Idan bai iya lissafin lokacin ba, gari zai waye masa, ga tafiya a gabansa, ga mota ba ta shirya ba.

Irin waɗannan motoci sun riga sun shigo Nijeriya. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, sannan a 2021 aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da wannan mota za mu yi misali.

Mu ɗauki batir a matsayin randa, caja kuma a matsayin famfo. Lokacin cika randa ya danganta ga girmanta, da yawan ruwan da ya rage a ciki, da kuma ƙarfin famfon. Ana auna girman batir da kilowat-awa, ana auna ƙarfin caja da kilowat. Lissafin kuwa ɗaya ne: a raba yawan wutar da ake bukata da ƙarfin cajar, abin da ya fito shi ne yawan awoyi.

Babban batirin Kona yana ɗaukar kilowat-awa 64. A ce direba ya dawo gida da kashi 20 cikin ɗari, yana so ya kai shi kashi 80. Bambancin kashi 60 ne, wato kilowat-awa 38.4. Idan yana da cajar bango mai ƙarfin kilowat 7.2, sai ya raba 38.4 da 7.2. Amsar ita ce awa biyar da minti ashirin. Amma ba duk wutar da ta fito daga bango take shiga batir ba. Wani ɓangare yakan zama zafi ya ɓace, kamar ruwan da ke yoyo daga tiyo. Saboda haka ya kamata a ƙara kusan kashi 10 cikin ɗari a kan lissafin. Ke nan aikin zai ci kusan awa shida.

Idan kuwa soket ɗin gida kawai yake da shi, wanda ƙaramar caja takan ja kilowat 2.3 daga gare shi, wannan aiki zai haura awa goma sha takwas.

Akwai kuskuren da sababbin direbobi suke yawan yi. Sukan ga an rubuta kilowat 22 a jikin caja, su ɗauka cewa da wannan lamba za su yi lissafi. Ba haka ba ne. A cikin motar akwai na'urar da ke juya wutar gida ta zama irin wadda batir yake karɓa, kuma tana da iyaka. Idan iyakarta kilowat 7.2 ce, ba za ta wuce nan ba, komai ƙarfin cajar. Da ƙaramar lamba ake lissafi. Manyan tashoshi masu saurin caji ne kaɗai suke tsallake wannan na'ura, su zuba wuta kai tsaye cikin batir. A tasha mai kilowat 50, cajin da muka lissafa ba zai wuce kimanin awa ɗaya ba. Sai dai daga kashi 80 zuwa sama motar takan rage gudun cajin da kanta don kare batirin, kamar yadda mai zuba ruwa a kwalba yake sassautawa idan ta kusa cika. Shi ya sa matafiyi mai hikima yake cire waya a kashi 80 ya ci gaba da tafiya.

Sanin yawan awoyi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin lokacin da za a same su. A Nijeriya an kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni: an tsara wa rukunin A aƙalla awa 20 a rana, rukunin C awa 12, rukunin E kuwa awa 4. Mai zama a unguwar da ke rukunin E ba lallai ba ne ya iya cajin awa shida a zama ɗaya.

A nan ne, a ganina, ya kamata direba ya sauya tambayarsa. Maimakon ya ce, "Yaushe batir zai cika?" sai ya ce, "Kilomita nawa zan yi gobe?" Kona takan ci kusan kilowat-awa 15 a kowace kilomita 100. Ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana, zuwa da dawowa, kilowat-awa 6 kawai yake bukata. Ko da soket ɗin gida ne, awa uku sun ishe shi. Abin da ya fi masa shi ne ya jona motar kullum da zarar an kawo wuta, kada ya jira sai batirin ya yi ƙasa sosai. Mai faifan sola a rufin gidansa kuma, tsakar rana ce lokacinsa, amma ya ajiye motar a inuwa, domin batirin da ya ɗauki zafi yakan rage saurin karɓar caji.