Notin da ke Riƙe da Totur: Daga Injin Kwale-kwale Zuwa Injin Ban Ruwa

Duk wanda ya shiga fadamun Danja, Bakori, Ƙafur ko gefen madatsar Mairuwa kusa da Funtua a lokacin rani, zai ga injin ban ruwa an ɗaure masa totur da robar tayar babur ko guntun waya. Abin ya zama ruwan dare har ba wanda ke tambayar dalili. Ni ɗan yankin Malumfashi ne, a gidan manoman rani na tashi, kuma yanzu da nake karatun injiniyanci na ga ya dace in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin abin da wannan ɗauri yake ɓoyewa. Maganar ba ta wuce noti guda ɗaya ba, amma kuɗin mai da lafiyar inji duk suna rataye a kansa.

Bari in fara da inda aka fi ba wa wannan noti muhimmanci, wato injin kwale-kwale irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, kamar Yamaha da ake gani a Yawuri da tafkin Kainji. Direba yana riƙe da hannu guda da yake juya jirgin da shi, a ƙarshen hannun kuma akwai totur na murɗawa irin na babur. A ciki akwai sifirin da ke jan totur ya koma silo da zarar an sake shi. To tafiyar sa'a biyu ko uku a kan ruwa, wa zai iya riƙe murɗi ba hutawa? Shi ya sa aka sa wata 'yar kusa a jikin hannun. Ka juya ta dama, totur ya yi tauri ya tsaya inda ka ajiye shi. Ka juya ta hagu, ya yi laushi. Littafin injin yana gargaɗi da kada a matse ta da yawa, domin in kututture ko wani jirgi ya ɓullo gabanka, dole totur ya bi hannunka nan take. Saboda irin wannan haɗari ne ma aka haɗa injin da igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu ko a jiki, in ya faɗa ruwa ta fizgo, inji ya mutu. Ka ga ke nan ƙa'idar ita ce: ya tsaya inda aka sa shi, kuma ya motsa da an taɓa shi.

Mu a kudancin Katsina ba mu da manyan kogunan da za a yi ta safara a kansu, amma wannan matsala tana nan a gonakinmu. Ƙananan injinan ban ruwa masu amfani da fetur sun bazu a Arewa musamman tun shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990. Yawancinsu Honda GX160 ne ko GX200, ko kuma kwaikwayonsu da ake kawowa daga China. Totur ɗinsu ɗan ƙarfe ne da ake turawa gefe, yana juyawa a kan ƙusa a ƙarƙashin gidan iska. A saman ƙusar akwai noti, ƙarƙashin notin akwai washa da wani lanƙwasasshen sifirin da ke danne totur. Wannan dannewar ita kaɗai ke hana shi zamewa.

A nan akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya gane. A ƙaramin injin kwale-kwale, murɗin hannunka ne ke buɗe kafireta kai tsaye. A injin ban ruwa kuwa, akwai mai shiga tsakani, shi ne abin da makanikai ke kira gwamna. Wasu ƙananan ƙarafa ne a cikin inji da ke buɗewa in gudu ya ƙaru, su tura wani hannu ya rage mai. Sifirin gwamna kuma yana jan hannun ya ƙara mai. Inda ƙarfin biyun ya yi daidai, nan gudun inji yake tsayawa. Abin da totur ke yi kawai shi ne miƙar da wannan sifirin. Ma'ana, duk tsawon lokacin da inji ke aiki, sifirin yana jan totur baya, ga kuma girgizar inji mai silinda ɗaya tana taya shi. In noti ya saki ko washa ta cinye, totur zai riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, mai gona yana can ƙarshen fili yana gyara kwalbati da fartanya bai sani ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai ruwan ne zai ɗan ragu? Lissafin famfo bai yarda da haka ba. A famfo mai farfela, yawan ruwa yana bin gudu kai tsaye, amma tsayin da zai iya ɗaga ruwa yana bin gudu sau kansa. An tsara waɗannan injina su ba da cikakken ƙarfinsu a juyi 3,600 a minti. In totur ya zame gudu ya koma 3,000, ruwa ya koma kusan kashi 83 cikin 100, ƙarfin ɗagawa kuma ya koma kusan kashi 69. Famfon da zai iya kai ruwa mita 20 ya koma kusan 14 ke nan. Wanda gonarsa ke kan tudu, ko ya haɗa mesa mai tsawo, shi zai fi ji a jikinsa, don ruwa na iya komawa ɗigo-ɗigo a bakin mesa alhali inji na ta shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba manomin tumatir ko albasa da zai yi wasa da lita ɗaya.

Sai dai ɗaurin roba ba magani ba ne, sabuwar cuta ce. Na farko, kusan kullum a ƙarshen gudu ake ɗaure shi, alhali ƙarfin da famfo ke buƙata yana bin gudu sau kansa sau uku. Rage gudu da kashi 10 cikin 100 yana rage wannan buƙata da kusan kashi 27, don haka gonar da ke kusa da ruwa ba ta buƙatar a ƙure inji. Na biyu, in mesa ta fashe ko ruwan rijiya ya janye, kana buƙatar sauke gudu cikin daƙiƙa; famfon da ke juyawa ba ruwa yana ƙona sil ɗinsa. Na uku, wanda ya fi muni, wasu ba totur suke ɗaurewa ba, hannun gwamnan kansa suke janyewa da waya don su ji inji na kuka. Da zarar famfo ya ja iska nauyi ya sauka, ba abin da zai tsayar da gudun, kuma a nan ne sandar fistin ke karyewa ta fasa bulo. Garin neman ƙiba an samo rama.

Gyaran kuwa bai fi minti goma ba. Kafin ka taɓa sifana, ka fara tabbatar da cewa notin ne. Ka sa alama da alli ko fenti a inda totur yake, ka bar inji ya yi aiki. In ƙara ta sauka kuma totur ya bar alamar, to noti ne. In totur na nan amma gudu na hawa da sauka, ka nemi datti a kafireta, ko ka duba sifirin gwamna da matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe komai.

In ka tabbatar, kashe inji, ka bari ya huce, ka zare hular filogi. Cire gidan iska in ya tare maka hanya. Goge ƙura da laka, ka duba washa da ɗan sifirin nan suna nan, don sau da yawa sun ɓace tun wani gyara na baya. Sai ka sa sifana mai lamba 10 ka matse rubu'in juyi, ka gwada da yatsa. Kada ka wuce rubu'i a lokaci guda. Abin da ake nema shi ne babban yatsa ya iya tura shi ba da kokawa ba, ya kuma ƙi motsi da kansa. Kada ka zuba baƙin mai ko giris a wurin, santsi shi ne abokin gabarsa. In notin ya riƙa kwancewa, robar da ke cikinsa ce ta mutu, sai a sayi sabo mai kulle kansa. Kusar da ke tare totur a ƙarshen tafiyarsa kuma, ita ce iyakar gudu da kamfani ya sa, ka bar ta yadda take. Daga nan ka mayar da komai, ka cika famfo da ruwa, ka tayar, ka sake duba alamarka bayan minti goma.

'Yan'uwa, hutun da ke tafe da yawanmu gida za mu koma, wasu kuma za su fita koyon aiki a garejoji. Ka jefa sifana mai lamba 10 da 'yan washoshi a jaka. In ka ga Baba ko Yaya ya ɗauko roba zai ɗaure totur, ka roƙe shi ya ba ka minti goma, ka nuna masa da alli yadda totur ke tafiya, sannan ka gyara a gabansa don gobe ya yi da kansa.