Otal Ɗin Da Aka Rufe Kafin A Sauka A Cikinsa

A watan Agustan 1936 aka gurfanar da mutum 16 gaban kotun soja a Mosko, cikinsu har da Zinoviev da Kamenev, tsofaffin abokan gwagwarmayar Lenin. An tuhume su da haɗa baki da Trotsky, abokin hamayyar Stalin da ke gudun hijira, wajen kashe Kirov, shugaban jam'iyya na Leningirad, da kuma ƙulla makircin hallaka Stalin. Suka amsa laifi, aka bindige su duka.

Har gobe akwai masu cewa tunda da bakinsu suka amsa, ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki. Wannan magana tana ƙona mini rai. Mai faɗinta ya je ya duba shaidar Holtzman, ɗaya daga cikin mutum 16 ɗin. Mutumin nan ya tsaya gaban alƙalai ya ce a 1932 ya haɗu da Sedov, ɗan Trotsky, a otal ɗin Bristol da ke Kofanhegan, daga nan suka wuce wurin uban. Ba a jima ba wata jaridar Denmak ta fasa ƙwai: an rufe otal ɗin tun 1917! Mutum ya sauka a otal ɗin da ya shekara 15 a rufe? Wanda ya tuna abin da ya faru da shi ba ya irin wannan kuskure. Sai wanda aka rubuta wa, ya haddace.

Masu shirya shari'o'in ba su daddara ba. A shari'ar 1937 ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma, Pyatakov, ya ce ya tashi daga Balin zuwa Oslo a jirgin sama a Disambar 1935 don ganin Trotsky, hukumomin filin jirgin kuwa suka ce babu jirgin waje da ya sauka a watan. A shari'ar 1938 wani wanda ake tuhuma, Krestinsky, ya ƙi amsa laifi ranar farko, kashegari ya dawo ya amsa komai. Hana barci, duka, barazana ga mata da 'ya'ya, alƙawarin ba za a kashe ka ba: da su aka yi aikin.

Kada kuma a ɗauka manyan jam'iyya kaɗai abin ya ci. Shari'o'in uku mutum 54 suka shafa. A 1937 da 1938 an harbe fiye da mutum 680,000, akasarinsu manoma da ma'aikata da ƙananan ƙabilu, da yawansu kwamitin mutum uku ne ya yanke musu hukunci ba tare da ya ga fuskarsu ba.