Kwana a Gindin Dalar Fir'auna: Shin Ya Ci Kuɗinsa?

Yau ƙasar Masar muka nufa, can yamma da kogin Nilu, inda gine-ginen Alƙahira suka ƙare hamada ta soma, wato Giza. Maganar tamu kuwa ta aljihu ce. A gindin Babbar Dala akwai wani tsohon masauki da ake kira Mena House, wanda kuɗin kwana ɗaya a ɗakinsa mai fuskantar dala yakan kai ɗaruruwan dalar Amurka. Mutumin da Allah ya kai shi Masar, ya rufe ido ya biya, ko kuwa ya nemi mai sauƙi ya adana kuɗinsa?

Kada mai sauraro ya ce wannan damuwar Turawa 'yan yawon buɗe ido ce. Mutanenmu daga Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ba sa yankewa a Alƙahira. Wani ya kai mara lafiya asibiti, wani ya je ganin ɗansa da ke karatu a Azhar, wani kuma sarin kaya ya kai shi. Idan an gama abin da aka je yi, saura kwana biyu a hau jirgi, a nan maganar takan taso. Ɗan da ke karatu ya nuna hoto a waya ya ce, "Baba, ga wurin nan, daga kan gado kana kallon dala." Uwargida ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Alhaji, tunda mun zo, wa ya san ko za mu sake dawowa?" Alhaji kuwa ya yi shiru, yana mayar da kuɗin zuwa naira a zuciyarsa. To wannan shirun shi ne muke so mu taya shi warwarewa yau.

Bari mu fara da ba wa gidan haƙƙinsa, domin tarihinsa na gaske ne. A shekarar 1869 aka gina shi a matsayin masaukin farauta na mai mulkin Masar na lokacin, Khidiwi Isma'il. Shekarar ce aka buɗe mashigin ruwa na Suwez, manyan baƙi suka zo daga Turai, cikinsu har da Yujini matar sarkin Faransa Napoleon na Uku, kuma a wannan zamanin ne aka shimfiɗa hanyar da ta taso daga birni har gindin daloli. Daga baya gidan ya koma hannun wasu Turawan Ingila, miji da mata, Hugh da Ethel Locke King, waɗanda suka faɗaɗa shi suka mayar da shi otal a wajajen 1886. Su ne suka bi tsofaffin gidajen Alƙahira suna sayen tagogin katako masu ƙananan huda, da ƙofofi masu sassaƙa, da fitilun tagulla, suka ƙawata shi da su. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ostareliya sun kafa sansani a kusa da shi, aka mayar da shi asibiti. A watan Nuwamba na 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, nan ne ya zama hedikwatar taron Alƙahira, lokacin da Roosevelt na Amurka da Churchill na Ingila da Chiang Kai-shek na Sin suka haɗu kan makomar Japan, har suka yi alkawarin cewa Koriya za ta sami 'yancin kanta. A Disamba na 1977 kuma, wata guda bayan Anwar Sadat ya je Ƙudus, wakilan Masar da na Isra'ila sun zauna a cikinsa suna share fagen sulhu. Gidan da bangonsa ya ji irin waɗannan maganganu ba za a haɗa shi da otal ɗin da aka gama jiya ba.

Amma a ganina, abin da mai biyan wannan kuɗi yake saya na gaske shi ne lokaci: asuba da almuru. Filin daloli yana da lokacin buɗewa da na rufewa. Mai zuwa daga cikin gari yakan iso rana ta riga ta ɗaga, motocin baƙi sun cika wuri, masu raƙuma da dawakai suna binsa, wannan ya miƙo rawani, wancan ya ce zo in ɗauke ka hoto. Kafin ya natsu ya ɗaga kai ya dubi abin da ya kawo shi, zafi ya gallabe shi, direba kuma yana jira. Shi kuwa wanda ya kwana a gindinta, da ya idar da sallar asuba sai ya ja labule. Da farko wani baƙin tudu kawai zai gani ya tokare sama. Sannu a hankali haske ya fara sauka daga ƙololuwa, jerin duwatsun suna fitowa sahu-sahu, ƙasa-ƙasa sannan ruwan zuma, har ya iya rarrabe dutse ɗaya daga ɗan'uwansa, ya ga wuraren da suka gutsure. Babu mai yi masa talla, babu mai cewa ya yi sauri. Abin da ke gabansa gini ne da aka yi wa Fir'auna Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, da duwatsu fiye da miliyan biyu, tsayinsa na asali mita 146, kuma ya shafe kusan shekara 3,800 babu wani ginin ɗan Adam da ya fi shi tsawo. Mai hankali idan ya zauna gabansa a natse, dole ya tuna cewa wanda aka yi wa wannan aiki ya tafi, mulkinsa ya tafi. Wannan awa guda tana da daraja, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Sai dai fa a yi hattara, domin ba kowane wanda ya biya ne yake samun wannan ba. Otal ɗin ya girma, an yi masa ƙarin gine-gine a cikin lambu, kuma ɗakuna da yawa a sabon ɓangaren suke. Akwai ɗaki mai kallon lambu, akwai mai kallon dala, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya biya mai kallon lambu don ya rage kuɗi, ya ɗauki tsadar ya bar abin da ya kawo tsadar. A tambaya kafin a biya: wane ɓangare ne, wane bene ne, dalar gaba ɗaya ake gani ko kuwa gefenta ta bayan bishiya, kuma tsohon ginin a buɗe yake ko ana gyaransa? A sa su rubuta amsar. A tambayi kuɗin ƙarshe ma, domin a Masar ana ɗora harajin kashi 14 cikin ɗari, da kuɗin hidima a kai, don haka abin da aka gani a waya ba lallai shi za a biya ba. Sannan yanayi yana da nasa hukuncin. Da hunturu hazo yakan rufe safiya, daga Maris zuwa Mayu kuma iskar hamsin takan taso da ƙura irin ta buji a Sakkwato, ta yadda za a biya kuɗin kallo a wayi gari ana hangen inuwa kawai. Ko kusancin ma a bincika shi, domin a 2025 hukumomi sun buɗe sabuwar mashiga ta ɓangaren hanyar Fayyum, da motocin bas masu zagayawa da baƙi a ciki, saboda haka kwana kusa ba ya nufin tsallaka titi ka shiga. Kuma mai tafiya da iyali ya sani cewa babban otal ne na baƙin duniya, ana sayar da giya, wurin ninƙaya kuma maza da mata ne.

Akwai kuma wata hanyar. A ɗaya gefen filin, wajen gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da Misirawa ke kira Abul Haul, akwai unguwar Nazlat al-Samman, ta masu dawakai da raƙuma. Mutanen unguwar sun mayar da gidajensu ƙananan masaukai, da rumfa a saman soro, inda za ka zauna da shayi da gurasa da wake kana kallon daloli uku a jere. Kuɗinsu bai kama ƙafar na Mena House ba. Abin da za ka haƙura da shi shi ne lungu mai ƙura, warin dawakai, hayaniya har dare, da tsabtar da ta danganta da wanda ka faɗa hannunsa. Asubar dai ɗaya ce, rana ɗaya ce take fitowa kan duwatsun. Wanda kuma tarihin tsohon gidan ne ya ja shi, yana iya kwana inda ya sauƙaƙa, ya nemi a ajiye masa tebur a can, ya ci abinci ko ya sha shayi a lambun, ya ga abin da idonsa ke so a kan ɗan abin da aljihu zai ɗauka. Ragowar kuɗin ya kai shi Babban Gidan Tarihin Masar da aka buɗe a hukumance a watan Nuwamba na 2025, kimanin kilomita biyu daga daloli, inda aka tara kayan Tutankhamun sama da 5,000 wuri guda.

Masu sauraro, wannan gindin dala ya taɓa karɓar baƙo daga yankinmu na Afirka ta Yamma. A 1324 Mansa Musa na Mali ya sauka kusa da daloli a hanyarsa ta zuwa aikin hajji, kafin ya shiga Alƙahira. Marubutan Masar sun rubuta yadda ya yi ta rabon zinariya da saye-saye har darajarta ta faɗi a kasuwa. Sun kuma rubuta cewa da ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun 'yan kasuwar birnin kafin ya kama hanyar gida. Idan Alƙahira ta iya yi wa mai ma'adinan zinariya haka, mai albashi da ɗan kasuwar Kantin Kwari sai su yi lissafi tun kafin su fita. Tun da aka saki naira a 2023, duk abin da ake biya da kuɗin waje ya ninka a kanmu, kuma kwana ɗaya a irin wannan ɗaki yana iya cinye kuɗin makarantar yaro na zango guda.

Ga matsayata. Idan daloli ne suka kai ka Masar, kuɗin kuma naka ne da ka ware don wannan, ba ka taɓa jari ba, ba ka bar iyali da bashin mai shago ba, to ka biya, kuma ba almubazzaranci ba ne mutum ya ji daɗin halal ɗinsa sau ɗaya a inda ya dace. Amma dare ɗaya ya isa, a ɗaki mai fuskantar dala, ka isa da la'asar don ka sami faɗuwar rana da fitowarta, washegari ka koma masauki mai sauƙi. Idan kuwa jinya ce ta kai ka, ka zauna kusa da likitanka. Giza tana da nisa daga Madinat Nasr da Abbasiyya inda mutanenmu suka fi zama, cunkoson hanya kuma yakan cinye sa'o'i, kuma kuɗin magani ba a taɓa shi don kallo, domin likita yana iya cewa a ƙara mako guda. Wanda kuma zai biya ne don kawai hoton da zai sa a waya mutanen gida su gani, ina roƙonsa ya bari.

Alhaji, kafin ka amsa wa Hajiya, ka ware kuɗin magani da na komawa gida da na tsaraba tukuna, abin da ya rage shi zai faɗa maka inda za ku kwana.