Waken da Ya Gagari Wuta-wuta, da Takardun da Suka Haife Shi

Duk manomin wake a ƙasar Rano da Kibiya ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Wake zai yi kore shar, ya fara yaɗo, sai ganye ya soma rawaya, shuka ta tsumbure. Kafin ciyawar ta leƙo saman ƙasa ta riga ta yi ɓarnarta, domin tun tana ƙasa take maƙale wa saiwa tana tsotse ruwa da abinci. Ƙwayar irinta kamar ƙura take, gindi ɗaya yana zubar da dubbai, kuma tana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru da dama tana jiran a shuka wake.

Cikin irin da aka samar don maganin wannan annoba akwai SAMPEA 10, wanda aka amince da fitar da shi ga manoman Najeriya a 2008.  Sunansa a wurin masu bincike IT97K-499-35, wato cibiyar binciken noma ta IITA ce ta samar da shi, a tasharta ta Kano. Amma asalin ƙarfinsa daga nesa ya fito, kuma takardun bincike ne suka ɗauko shi zango-zango.

Tushen wannan ƙarfi wani waken gargajiya ne na ƙasar Botswana, mai ƙananan ƙwayoyi, da aka yi wa lamba B301. A 1990 masu bincike biyu a Ingila, Parker da Polniaszek, suka buga takarda suna ba da labarin cewa wuta-wutar Afirka ta Yamma ta kasa kama shi. A shekarar dai, B. B. Singh na IITA da A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka fitar da tasu a mujallar Crop Science. Tambayarsu ɗaya ce tak: ta yaya B301 yake gadar wa 'ya'yansa wannan juriya?

Wanda ya buɗe irin wannan takarda zai tarar da tsari kusan iri ɗaya, ko a Samaru aka rubuta ta ko a Japan. Bayan take da taƙaitaccen bayani, sai gabatarwa, inda marubuci zai faɗi abin da magabata suka gano, da sunayensu da shekarun da suka rubuta, sannan ya nuna giɓin da ya rage. Ba a shiga fage kamar ba a taɓa yin kowa ba.

Sashen hanyar aiki shi ne wanda mai karatu na yau da kullum yake tsallakewa, alhali nan amanar takarda take. A nan ake faɗin wane iri aka yi amfani da shi, a ina aka samo shi, a gona aka shuka ko a tukwane, yaya aka zuba irin wuta-wutar, yaushe aka duba saiwa, shuka nawa aka ƙirga. Ana yin wannan dalla-dalla ne domin wani a Maraɗi ko Bamako ya iya maimaita aikin ba tare da ya tambayi marubucin komai ba. In ya maimaita ya samu abu daban, to magana ta dawo sabuwa.

Singh da Emechebe sun aurar da furen B301 da na waken da wuta-wuta ke kamawa. 'Ya'yan farko duka suka fito da juriya. A jikoki kuwa, kusan uku cikin kowane huɗu suka jure, ɗaya ya kamu. Wannan shi ne sakamako, kuma a sashensa lambobi kawai ake zubawa, ba sharhi. Sai a sashen tattaunawa ake fassara su: uku da ɗaya shi ne kason da Gregor Mendel ya bayyana tun 1866, alamar cewa ƙwayar gado guda ɗaya mai rinjaye ce ke riƙe da halin. Ga mai ƙirƙirar iri wannan albishir ne, domin ɗauko ƙwayar gado ɗaya a saka ta cikin farin wake mai manyan ƙwayoyi, irin wanda kasuwannin Kano ke so, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tattaro guda goma.

Kafin a buga, edita yakan aika rubutun ga masana biyu ko uku na fannin, galibi ba tare da marubuci ya san ko su wane ne ba. Su ne za su ce shukokin da aka ƙirga sun yi kaɗan, ko an manta da aikin wane, ko an faɗi abin da ya fi ƙarfin hujja. Gyara da sake turawa kan ci watanni. Abin takaici, yanzu akwai mujallun intanet da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da wannan tankaɗe ba, kuma matsin neman ƙarin girma a jami'o'i yana tura wasu malamai gare su. Ɗalibin da ke haɗa kundinsa kan noman Rano ya kamata ya duba inda takarda ta fito kafin ya jingina da ita.

Jerin manazarta da ke ƙarshen takarda kuwa bai kamata ya zama baƙon abu ga wanda ya yi karatun zaure ba. Aikinsa ya yi kama da na isnadi a ilimin hadisi: wa ya faɗa, daga wa ya karɓo, kuma abin dogaro ne? Ta nan ake bin sawun magana baya, ta nan kuma ake gane waɗanda suka ɗora a kanta daga baya.

An kuwa ɗora. Bincike ya nuna wuta-wutar wake ba iri ɗaya ba ce, ta kasu jinsi-jinsi bisa ƙasashe, kuma wadda ke Zakpota a kudancin Jamhuriyar Benin tana kama B301 ɗin kansa. Wannan bai rushe aikin 1990 ba, iyakarsa ya nuna. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Virginia a Amurka suka ba da rahoto a mujallar Science cewa sun gano ainihin ƙwayar gadon da ke kare B301 daga jinsin wuta-wutar da ke Najeriya da Nijar, shekara 19 bayan an fara hango ta ta hanyar ƙirga shukoki.

Abin da ya fi ƙaranci a wannan sarƙa shi ne komawar labari ga manomi. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sukan shiga ƙauyukan shiyyar Rano da takardun tambayoyi, manoma su bar aiki su ba da amsa, sakamakon ya fito da Turanci a mujallar da ba za su taɓa gani ba. Shafi ɗaya da Hausa a hannun malamin gona, ko minti goma a gidan rediyo kafin faɗuwar damina, zai isa manomin Kibiya ya san abin da aka gano game da gonarsa.