Yadda Ake Kula da Batirin Wayar Hannu

Wayar hannu ta zamani tana da sassa da yawa, amma wanda ya fi saurin tsufa a cikinsu shi ne batir. Fuskar waya tana iya yin shekara biyar garau, muddin ba ta fashe ba. Shi kuwa batir, tun daga ranar da aka ƙera shi yake fara rauni. Ba wanda ya isa ya hana shi tsufa, sai dai mai waya yana iya rage saurin tsufan idan ya san abin da ke gudana a cikinsa.

Yawancin wayoyin yau suna aiki ne da batirin da ake kira litiyam-ayon. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irinsa a shekarar 1991. A 2019 kuma aka ba masana uku da suka yi aikin samar da shi kyautar Nobel, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. A cikin batirin akwai ɓangare biyu, kamar randa biyu da aka girke kusa da juna. Idan ana caji, ƙananan ƙwayoyin sinadarin litiyam suna ƙaura daga randa ta farko zuwa ta biyu, wadda aka yi da garafayit, irin baƙin abin nan da ke cikin fensir. Idan kuma ana amfani da waya, sai su komo inda suka fito, a wannan komowa ne waya take samun wuta. Amma a kowace tafiya wasu ƙwayoyi kaɗan suna maƙalewa, ba su ƙara yin aiki. Wannan shi ne tsufan batir.

Masu ƙera waya suna lissafa rayuwar batir da zagaye. Zagaye ɗaya shi ne a cinye kashi 100 na caji, ko a rana ɗaya ko a kwana biyu. Wanda ya ci kashi 60 yau, ya cika batir, sannan ya ci kashi 40 gobe, ya yi zagaye ɗaya ke nan. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an tsara shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan zagaye 500. Ga mai yin caji kullum, wannan bai cika shekara biyu ba.

Akwai wata shawara da har yanzu ake ji a bakin mutane, wai a bar batir ya mutu murus kafin a sa caji. Shawarar ta samo asali ne daga tsofaffin batura na sinadarin nikel. Batirin litiyam ba haka yake ba. Yana wahala idan ya sauka zuwa sifiri, yana kuma wahala idan ya daɗe a cike maƙil. Ya fi samun sauƙi tsakanin kashi 20 da kashi 80. Saboda haka ne wayoyi da yawa suke da wani tsari a cikin saitinsu wanda ke tsayar da caji a kashi 80, ko ya jinkirta cikawa har zuwa asuba.

To, a nan dole a faɗi gaskiya. A gidan da wutar lantarki ba ta da tabbas, da wuya a ce wa mutum ya zare caja a kashi 80, alhali bai san lokacin da wuta za ta dawo ba. Wanda ya cika batirinsa a irin wannan hali bai yi laifi ba. A ganina, ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya fi cutar da batir a ƙasarmu shi ne zafi.

Zafi yana ƙara saurin lalacewar sinadaran da ke cikin batir, kuma ɓarnar da ya yi ba ta gyaruwa ko da wayar ta huce. Apple ya yi gargaɗin cewa yanayin da ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas yana iya rage ƙarfin batir har abada. A watannin Fabrairu da Maris, zafin rana a garuruwa irin su Lakwaja da Makurɗi yakan kai wannan ma'auni, har ya wuce. Cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Caji shi kansa yana haifar da zafi, haka ma kallon bidiyo da wasannin waya. Ɗalibin da ya jona wayarsa da tsakar rana, ya kwanta a katifa yana buga wasa, ya tara wa batir zafi uku a lokaci guda. Abin da ya kamata shi ne a ajiye waya a kan tebur ko a kan siminti, a inuwa, a cire mata rigar roba idan mai kauri ce, a ƙyale ta har ta gama. Kada a kwana da ita tana caji a ƙarƙashin matashin kai. Idan an taɓa ta an ji ta yi zafi sosai, sai a zare caja a bari ta huce da kanta. Ba a sa waya a firji, domin raɓa tana iya taruwa a cikinta.

Caja ma tana da nata hukuncin. Hausawa suna cewa araha ba ta ado. Caja mai kyau tana daidaita wutar da ke shiga waya, marar kyau kuwa tana iya sakin wuta yadda ta zo, musamman a lokacin da janareta yake hawa yana sauka. Gara a tayar da janareta, a jira ƙararsa ta daidaita, sannan a jona waya.

Duk wannan ya shafi tsawon ran batir ne. Batun cajin da zai kai mutum dare ya fi sauƙi. Fuskar waya tana cikin abubuwan da suka fi cin wuta, don haka rage haskenta yana taimakawa ƙwarai. A wurin da sabis yake da rauni, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa, sai caji ya riƙa zuba ko ba a taɓa ta ba. Matafiyi a kan doguwar hanya yana iya sa ta a yanayin jirgin sama har ya isa gari. A cikin saiti akwai shafin da ke nuna manhajar da ta fi cin batir, kuma duba shi ya fi sauko da wata manhaja da ke alƙawarin ƙara wa batir ƙarfi, domin ita ma wuta take ci.

Wayar da za a ajiye na tsawon lokaci, kamar ta ɗalibin makarantar kwana da zai bar ta a gida har ƙarshen zango, a bar mata caji wajen kashi 50, a kashe ta, a sa ta a wuri mai sanyi marar laima.

Wani lokaci batir yakan kumbura, har bayan waya ko fuskarta ya ɗago. Wannan alama ce ta iskar gas da ta taru a ciki, kuma ba abin wasa ba ne. A shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya, sannan ya daina ƙera ta, saboda batirinta yana kamawa da wuta. Batirin da ya kumbura ba a danna shi, ba a huda shi, ba a kuma ƙara yi masa caji. Sai a kashe wayar a kai wa ƙwararren mai gyara ya canza shi. Tsohon batirin kuma a bar wa mai gyaran, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, domin idan wuta ta taɓa shi yana iya fashewa.