Ɓoye Sana'a, Ba Ɓoye Suna Ba

'Yan'uwa fatake, wasunmu in sun sayar da shanu a Legas suka sauka otel a hanyar gida, sukan ba da sunan ƙarya don tsoron 'yan fashi. To, wannan kuskure ne. A Nijar, Kamaru da Cadi, sai an cika takardar 'yan sanda da katin shaidarka. In suna ya saɓa, ka zama abin tuhuma. In kuma ciwo ya kayar da kai a ɗaki, wa zai sanar da iyalinka?

Abin ɓoyewa shi ne sana'arka da kuɗin jikinka. Kada ka ƙirga sefa gaban ma'aikata, kada ka faɗi ranar tashinka. Garin da kake da fatoma, sauka gidansa. Baki shi ke yanka wuya. Allah ya tsare.