Tambayar da ba ta son a warware ta: lissafin kwadiratik a jarrabawar GMAT

Ɗalibin da ya taso da WAEC da JAMB ya saba da abu ɗaya: a ba shi lissafi, ya nemo x, ya ja layi biyu a ƙasa. Jarrabawar GMAT, wadda hukumar GMAC ke shirya wa masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, tana da wani rukunin tambayoyi da ke hukunta wannan sabo. A nan ba amsa ake nema ba. Ana kawo tambaya da bayanai biyu, a ce: shin abin da aka ba ka ya isa a yanke hukunci? Zaɓi biyar ne kullum: na farko kaɗai ya isa, na biyu kaɗai ya isa, sai an haɗa su, kowanne ya isa, ko kuma ko an haɗa ba su isa ba. Tun sabon tsarin da aka fara a Nuwamban 2023, waɗannan tambayoyi suna cikin sashen nazarin bayanai, mai tambayoyi 20 cikin minti 45. Wato minti biyu da ɗan ɗoriya ga kowace.

Kwadiratik, wato lissafi mai x², ya fi kowa dacewa da wannan tarko, domin sau da yawa amsa biyu yake haifa. A ce an tambayi nawa ne x, bayani na farko ya ce x² − 5x + 6 = 0. Wannan 2 ne ko 3, don haka bai isa ba. Na biyu ya ce x ya fi 2. Shi ma shi kaɗai bai tsinana komai ba. In an haɗa su, 3 ya tabbata.

Amma wanda ya haddace cewa kwadiratik ba ya isa, ya sake faɗawa wani ramin. Ɗauki x² − 6x + 9 = 0: amsarsa 3 ce tilo, domin amsa ɗaya ake samu a duk ax² + bx + c = 0 da b² − 4ac ɗinsa ya zama sifili. Abin da ya fi wannan muhimmanci, a ganina, shi ne mai hukunci ba yawan amsoshi ba ne, tambayar ce. Mu koma ga 2 da 3 ɗin nan. Da tambayar ta ce shin x ya fi sifili, ai bayanin farko ya gama magana, tunda duka biyun sun ce e. Da ta ce shin x ya fi 10, nan ma ya isa, domin a'a tabbatacciya amsa ce cikakkiya. Ɗalibai da yawa na ganin a'a su ɗauka rashin isa ne.

Sai kuma amsar da ake zubarwa ba a sani ba. Wanda ya ga x² = 4x ya raba da x, ya samu 4, ya jefar da sifili. Wanda ya ga x² = 16 ya ce 4, ya manta −4. Mantuwar nan tana da dogon tarihi: Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya nuna cewa x² + 21 = 10x na ba da 3 da 7, amma bai lissafa lambobin ƙasa da sifili cikin amsoshi ba. Shi yana da hujja, tunda da gado da awon ƙasa yake fama.

Wannan hujja tana aiki har yau, in dai tambayar da kanta ta bayar da ita. Idan x yawan ma'aikatan kamfani ne, kuma x² − x − 12 = 0, to tsakanin 4 da −3 babu gardama, bayanin ya isa. Idan kuwa x canjin riba ne, wanda kan hau ya kuma sauka, −3 tana nan daram, kuma dole a duba bayani na biyu.